Ranar da 'yata ta zama lauyar gwamnati

Ranar da takardar ɗaukar 'yata aiki ta fito, yayana ya zo gidanmu a Tudun Wadar Kaduna bayan la'asar. Ya zauna kan tabarma a zaure, ya karɓi takardar, ya juya ta gaba da baya, sannan ya ajiye. Ya ce, "To, Allah ya sanya albarka. Amma duk wannan wahala, shekara biyar a jami'a, shekara guda a makarantar horon lauyoyi, a ƙare a lauyar gwamnati? Ai su ne masu ɗaure talaka duk ranar da manya suka nuna shi da yatsa." Ita tana durƙushe a gefe, ta kawo masa ruwa. Abin da ta ce kawai shi ne, "Baffa, a dai ci gaba da yi mana addu'a."

Ni maganar ta tsaya wa a rai. Ban yi masa musu a gaban yarinya ba, don yayana ne, kuma na san ba shi kaɗai yake ganin haka ba. Je ka kowace majalisa daga Kawo har Kakuri ka ambaci lauyan gwamnati, hoton da zai zo wa mutane shi ne mai baƙar riga da farar hular gashi, tsaye a kotu yana roƙon alƙali kada ya ba da beli. Ni kuwa shekara 35 na yi ina aikin gwamnati, na shiga ina ƙaramin akawu a ɗakin ajiyar fayil, na fita ina shugaban ɗakin. Fayilolin lauyoyin nan ta hannuna suke bi, shiga da fita. Abin da na gani da idona ya sha bamban da abin da ake faɗa a majalisa.

A hukumar da na fi daɗewa, an taɓa turo mana wata lauya daga ma'aikatar shari'a. Haka tsarin yake a wurare da yawa: lauyan ma'aikacin ma'aikatar shari'a ne, amma a ajiye shi a wata hukuma yana ba ta shawara. Barista kawai muke kiranta. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, fanka ɗaya mai ƙara, fayiloli jibge a ƙasa saboda kabad ta cika. Wata shekara, ana dab da rufe asusun ƙarshen shekara, aka kawo fayil ɗin wata kwangilar gini, shugabanmu yana so a sa hannu kafin Juma'a a fitar wa ɗan kwangila kuɗin somin-taɓi. Ni na kai mata fayil ɗin da kaina ranar Talata da safe. Laraba da azahar ta dawo da shi, da sharhinta na rabin shafi, abin da mu ma'aikata muke kira minit.

Har yau ina tuna abin da ta rubuta. Sunan kamfanin da ke kan takardar ba da kwangila ya bambanta da na takardar rajistarsa da kalma ɗaya, wato in rigima ta tashi, kamfanin da za a kai ƙara babu shi a duniya. Takardar lamunin banki da ke tsaya wa kuɗin somin-taɓi wa'adinta zai ƙare wata uku kafin lokacin da aka ɗibar wa aikin. Sannan duk yarjejeniyar babu inda aka faɗi abin da zai biyo baya in ɗan kwangila ya yi jinkiri ko ya gudu. Ta ƙare da cewa ba ta ba da shawarar a sa hannu ba sai an gyara.

Shugaba ya fusata. Ya ce mini, "Koma ka gaya mata ni ba darasi na nema ba." Na koma ina jin nauyin saƙon. Ta cire tabarau, ta dube ni, ta ce, "Malam, ka ce wa ranka ya daɗe ikon sa hannu nasa ne, ban riƙe masa biro ba. Amma minit ɗina zai zauna a fayil."

Wanda bai yi aikin ofis ba ba zai gane nauyin wannan maganar ba. Kowane shafi da ya shiga fayil ɗin gwamnati muna buga masa lamba a kusurwar sama, bi da bi. In an zare shafi na 47, to 46 da 48 za su tsaya suna kallon juna, kuma mai binciken kuɗi da zai zo bayan shekara biyu shi ma ya iya ƙidaya. Da yamma wani na kusa da shugaba ya leƙo ɗakinmu yana zagaye-zagayen magana, wai ko takardar nan za ta iya "hutawa" a wani wuri. Na nuna masa lambar, na nuna masa littafin shige da ficen fayil inda na riga na rubuta adadin shafuka. Bai sake dawowa ba. Aka kira ɗan kwangila, aka gyara suna, banki ya tsawaita lamuni, aka ƙara sharaɗin jinkiri. An rasa Juma'ar nan, an sa hannu bayan mako biyu.

Ginin bai wuce linta ba mutumin ya ɓace. Da an bi takardar farko, kuɗin jama'a sun bi ruwa. Da yake lamunin yana raye, banki ya dawo da kuɗin somin-taɓi, aka ba wani ya ƙarasa. Babu wanda ya kira Barista ya yi mata godiya, babu jaridar da ta buga. Asarar da ba a yi ba, wa zai ba da labarinta?

Shekaru bayan haka, da nake sauraron labarin kamfanin P&ID a rediyo, ita na riƙa tunawa. A 2010 ma'aikatar man fetur ta tarayya ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da wannan kamfani, kan zai gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba, gwamnati kuma ta riƙa kawo masa gas. Ba a gina komai ba, gas bai zo ba, kamfani ya kai ƙara gaban masu sasanci a Landan. A 2017 suka ce Najeriya ta biya dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya yi ta hawa har ya kai wajen dala biliyan 11. Sai a watan Oktoban 2023 wata babbar kotu a Landan ta rushe hukuncin, bayan ta gano cewa an samu kwangilar ta hanyar cin hanci, kuma cikin waɗanda aka saya har da babbar jami'ar shari'a ta ma'aikatar, wadda aikinta ke nan ta duba takardar kafin a sa hannu. Kujerar nan ce dai irin ta Baristarmu, a ƙarshen baranda. Shekara goma sha uku ƙasa guda tana zufa saboda wadda ke kanta ba ta rubuta rabin shafin nan ba.

Tsarin mulkin 1999 ya san da wannan aiki. Sashe na 195 ya ce kowace jiha za ta samu Antoni Janar, shi ne babban jami'in shari'a na jiha kuma kwamishinan shari'a, kuma sai wanda ya kai shekara 10 da zama lauya. Sashe na 150 ya faɗi irin haka game da tarayya. A ƙarƙashinsa akwai Solisita Janar, wanda galibi shi ne babban sakataren ma'aikatar, ma'aikaci ne da gwamnatoci ke zuwa su tafi su bar shi. Sai sassa: masu gurfanar da waɗanda ake zargi da laifi a ƙarƙashin daraktan da kowa ke kira DPP, masu kare gwamnati in an kai ta ƙara ko su shigar mata da tata, da masu tsara daftarin doka. Waɗannan na ƙarshe ba a ganin su a kotu ko kaɗan. Duk ƙudirin da gwamna zai aika wa 'yan majalisa a zauren Lugard, su ne suke zama su auna kowace kalma, su duba ko ta ci karo da tsarin mulki ko da wata dokar da ake da ita. Kundin dokokin laifuka, wato Final Kod, da aka yi wa Jihar Arewa a 1959, ya fara aiki a 1960, shi muka yi ta amfani da shi shekara da shekaru, har zuwa 2017 da Jihar Kaduna ta yi sabon nata tare da dokar tafiyar da shari'ar laifuka. Irin wannan aiki watanni ake yi ana zaune a kansa.

Kuma garin nan namu yana da tarihi a wannan fanni da ya kamata yaranmu su sani. Lokacin da Kaduna take hedikwatar Jihar Arewa, a ma'aikatar shari'a ta nan Mohammed Bello ya fara aiki yana ƙaramin lauyan gwamnati, ya zama daraktan gurfanarwa na Arewa, daga baya ya riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995. Wanda ya gaje shi, Muhammadu Lawal Uwais, mutumin Zariya, shi ma lauyan gwamnati ne tun farko, ya yi Solisita Janar na Jihar Arewa ta Tsakiya, ya zauna a kujerar Alƙalin Alƙalai har 2006. Mamman Nasir, Galadiman Katsina, ta wannan ƙofar ya bi, ya yi ministan shari'a a gwamnatin Sardauna, ya ƙare yana shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara. Na faɗa wa 'yata waɗannan sunaye daren nan, don ta san ƙofar da ta shiga manya sun bi ta.

Amma in koma kan maganar yayana, ta ɗaure talaka. A nan ne abin ya fi taɓa ni, don na gani a layinmu.

Akwai wata baiwar Allah maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu, tana tuyar ƙosai a bakin layi. Ɗanta na fari yana tuƙa Keke Napep. Wata rana aka yi fashi a wata unguwa, aka zo aka yi kame, aka haɗa da shi saboda an ce an ga keke irin nasa a wurin. Laifi irin fashi da makami ko kisan kai, kotun majistare ba ta da hurumin yin shari'arsa, sai babbar kotu. Don haka abin da ake yi, a kai mutum gaban majistare, ya ba da umarnin a ajiye shi a gidan gyaran hali, 'yan sanda su aika da fayil ɗin bincike ma'aikatar shari'a, lauyan gwamnati ya karanta ya ba da shawara: akwai hujjar da za a gurfanar da shi, ko babu. Duk zaman kotu sai uwar nan ta rufe kaskonta ta tafi, ta dawo da magana ɗaya: "Baban yara, sun ce ana jiran shawara." Ta ɗauka Shawara wani babban mutum ne da ya yi tafiya.

Wata bakwai ana haka. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa, sai na yi amfani da ɗan sanin da nake da shi na bin sawun takarda. Na nemi lambar fayil, na bi littattafan aikawa ɗaya bayan ɗaya. Ashe fayil ɗin bai taɓa barin ofishin da ya kamata ya aika da shi ba. Yana cikin durowa, wai ana jiran kuɗin da za a yi kwafinsa. Muka yi abin da za mu yi, aka aika. Da ya isa hannun wani matashin lauyan gwamnati, bai yi kwana goma ba ya rubuta shawararsa: babu wanda ya shaida fuskar yaron, ba a samu komai na sata a wurinsa ba, bayanin mai ƙara bai ambace shi ba, saboda haka babu tuhumar da zai amsa, a sallame shi. Ranar da ya dawo, uwar ta zauna a ƙasa a tsakar gidanmu tana kuka, ta kasa ko gaisuwa. Yaron ya rame, ƙafafunsa duk ƙuraje, keken da ya karɓa bashi kuwa mai shi ya daɗe da ba wani.

Biron lauyan gwamnati ne ya fito da shi. Amma wata bakwai ɗin nan babu mai biyansa. Doka ba ta yarda da irin wannan jira ba. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba Antoni Janar kwana 14 daga ranar da fayil ya iso masa ya fitar da shawara, kuma ta ce umarnin tsarewa na farko kada ya wuce kwana 14, sai an dawo gaban kotu an faɗi dalilin ƙari. A takarda ke nan. A zahiri, wajen biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Duk wanda ya bi ta titin Independence ya ga katangar gidan yarin nan, ya sani cewa a cikin waɗanda ke bayanta akwai masu jiran wani ya buɗe fayil kawai. Wani jinkirin daga masu bincike ne, wani daga kotu, wani kuma daga teburin lauyan da aka jibga wa fayilolin da suka fi ƙarfin mutum ɗaya. Na faɗa wa 'yata, duk fayil ɗin da ya kwana a teburinta, akwai mai kwana a kan siminti saboda shi.

Inda yayana yake da gaskiya, ba zan ɓoye ba. Antoni Janar gwamna ne yake naɗa shi, yana zama a majalisar zartarwa, gwamna kuma yana iya sauke shi duk ranar da ya so. Alhali sashe na 211 na tsarin mulki ya danƙa masa iko mai girman gaske: ya shigar da ƙarar laifi, ya karɓe wadda wani ya shigar, ko ya janye ta a kowane mataki kafin a yanke hukunci. Sashen ya ce ya yi la'akari da maslahar jama'a da adalci da hana wasa da shari'a. Amma tun 1983, a shari'ar Ilori, Kotun Ƙoli ta ce kotu ba za ta tuhumi dalilinsa na janye ƙara ba. To in mai riƙe da wannan wuƙa ya ɗauki kansa yaron gwamna, ɗan adawa ya shiga uku, ɗan gida kuma ko me ya yi zai sha. Haka nan dokar aiwatar da hukuncin kotu, sashe na 84, ta ce in ka ci gwamnati a shari'a kana so a ƙwato maka kuɗinka daga hannun jami'in gwamnati, sai da amincewar Antoni Janar. Wanda ya tsaya wa abokin shari'arka, shi za ka je ka roƙa ya yarda a biya ka. Na san tsofaffin ma'aikata da suka riƙe takardar hukunci a hannu har Allah ya karɓi abinsa.

Shi ya sa nake goyon bayan masu cewa a raba kujerar biyu: kwamishinan shari'a ya zama ɗan siyasa mai kula da manufofi da kasafi, Antoni Janar kuma ya zama ƙwararre mai wa'adi tsayayye wanda ba a sauke shi don ya faɗi abin da ba a so. An sha kawo wannan magana a zaman gyaran tsarin mulki, har yau ba ta tabbata ba. Ban ce raba kujera zai gyara zuciyar mutum ba. Baristarmu babu wa'adin da ya kare ta, bayan rigimar nan ma ba a daɗe ba aka mayar da ita hedikwata, kuma mun san dalili. Sai dai bai kamata a gina tsari a kan fatan kullum za a dace da mai irin zuciyarta ba. Sannan a biya su abin da zai riƙe su. Na ga haziƙan yara da yawa sun shigo da zafinsu, bayan shekara uku ko huɗu sun koma banki ko ofishin lauyoyi masu zaman kansu a Abuja, don albashin bai kai su ƙarshen wata.

Yanzu wata biyu ke nan da fara aikinta, an sa ta a sashen gurfanarwa. Ba ta gaya mini abin da ke cikin fayilolinta, ni ma ba na tambaya. Abu ɗaya ta nema a wurina, yadda ake gano fayil in ya ɓace. Na ce ta fara da gaida mutanen ɗakin ajiya kowace safiya, ta san sunan masinja, kada ta karɓi fayil ko ta ba da shi ba tare da an rubuta a littafi ba, kuma ta ƙidaya shafuka kafin ta sa hannu.

Makon jiya sai ga yayana ya dawo, wannan karon da wata takarda a aljihu. Wani abokinsa ne yake da ƙorafi a kan wata hukuma, yana so 'yar ɗan'uwansa ta tsaya masa. Ta karanta a tsanake, ta ninke, ta miƙa masa da hannu biyu. Ta ce, "Baffa, ni ba zan iya tsaya masa ba, don in ya shigar da ƙara ma'aikatarmu ce za ta tsaya wa hukumar. Amma ka ce masa kada ya kwana a kan maganar nan. Akwai dokar da ta ba mutum wata uku kacal ya kai jami'in gwamnati ƙara a kan abin da ya yi a bakin aiki. Ba kowace shari'a ta shafa ba, lauya ne zai duba ya faɗa masa. In ba shi da halin ɗaukar lauya, ya je ofishin hukumar ba da agajin shari'a ya ji ko za su karɓa." Ta duba kwanan watan da ke kan takardar, ta ƙirga da yatsu, ta ce saura kwana goma sha tara.

Yayana ya daɗe yana kallon ta. Ya mayar da takardar aljihu, ya jawo takalmansa, ya ce bari ya je ya same shi tun kafin magariba.